Babin da Auta Ta Ƙi Rubutawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Da ciwon baya nake wannan rubutun yau, wadda ta ga gaisuwar ta yi gajarta ta yafe min. Ga waɗanda suka shigo yanzu: ni tela ce, shagona ƙofa uku ne daga gidan da muke haya. 'Ya'yana biyu. Babban yana aiki a wani gari, sai Auta da muke tare. Shekararta ashirin da shida, tana aiki a asibiti, ita ke shigar da sunayen marasa lafiya a kwamfuta, in ta dawo gida kuma ta kwanta rub da ciki ta yi ta rubuta littafi a waya. Akwai mai nemanta, ni dai Mai Tabarau nake ce masa, don a shagon gwada ido yake aiki. Iyayensa sun ce ranar Asabar za su zo mu ga juna.

Ranar Laraba da safe ina haɗa shayi ta fito. Doguwar riga ce jikinta, ruwan toka, wadda na ɗinka mata da aljihu biyu, ko guga ba ta yi mata ba. Mayafin a kafaɗa, idanun a kumbure.

"Umma, ki kira Kawu ki ce a fasa."

"A fasa me?"

"Zuwan Asabar."

Na ajiye cokalin. Kun dai san abin da ya fara zuwa raina ba soyayya ba ce. Labulen falo ne da na yi kwana biyu ina ɗinkawa, da kujerun da na wanke har hannuna ya yi fari, da kofunan baƙi da na aro wajen maƙwabciya.

"Zagin ki ya yi?"

"A'a."

"Da wata kika gan shi?"

"Umma mana."

"To me ya yi?"

"Ya karanta littafina."

"Ba ke kika ba shi ba?"

"Ni na ba shi. Ya ce ƙarshen ƙarya ne."

Ta ɗauki jakarta ta fita, shayin ma ba ta taɓa ba. Na bi ta da ido har ta sha kwana. Daga nan na zauna na shanye nawa da nata, don ni ba a zubar da madara a gidana.

Bari in gaya muku littafin, don in ba ku san shi ba, ba za ku gane rigimar ba.

Na farkon shi ne ya yi mata suna. Labarin wani gari ne mai ƙofar tagulla. Kullum rana na faɗuwa a kulle ta. Duk wanda aka kulle yana waje, shi ke nan an manta da shi. Ba wai ya mutu ba ne, a'a, sunansa ne zai fita daga kan kowa, har matarsa, har uwar da ta haife shi. Mutum ɗaya ce ba ta mantuwa, wata yarinya mai fitila, 'yar wata masaƙiya. A ƙarshen na farkon ta tsinci takalmin namiji a bayan ƙofar, ta gane ashe tana da uba. Ranar da Auta ta saki wannan babin, wayarta har zafi ta yi don saƙonni.

Na biyun, wanda ya ja mana wannan, bincike ne. Ranar da aka manta da uban, an kulle ƙofar tun kafin rana ta faɗi. To wa ya kulle? Babi talatin ne. Ta saki ashirin da bakwai ga mutane, uku na ƙarshe ta riƙe, daga ni sai Mai Tabarau muka san su.

Ni karatuna aji huɗu ne, shafi ɗaya sai ya cinye min rabin awa. Don haka Auta ke karanta min kowane babi da muryarta, ta tura min a waya, in jingina wayar da gwangwanin maɓallai ina ɗinki ina saurare. Da farko na ƙi, na ce ni ban son labarin da ake sayar da inuwar mutum a kasuwa, mu yi ta neman tsari. Ta ce, Umma, tatsuniya ce mai tsawo kawai. Da na fara kuma sai ni ke tambaya, "Ina na yau?"

Ranar Lahadi ta ba ni ukun ƙarshe. Da na gama ta tsaya a ƙofar shago tana murza yatsu, ta ce ya na ji. Na ce ya yi daɗi, Allah ya yi albarka. Ku riƙe wannan, don a nan nawa laifin yake.

Ina buɗe shago ranar Larabar saƙon murya ya shigo daga yayana, wanda su Auta ke ce wa Kawu. Ashe ta riga ta tura masa da kanta.

"Ke Tela, me nake ji haka? Wai littafi? Na ce littafin wa, aka ce nata. To shi yaron cewa ya yi zai auri littafin? Mutanen nan na riga na amsa musu, har na ɗauki hutun Asabar a wajen aiki. Ki ja kunnen 'yarki. Ni shekara talatin matata na cewa ban iya zaɓen yadi ba, ga mu nan dai."

Na ajiye wayar. Minti kaɗan sai ga saƙon Auta: "Ga abin da ya turo min, ki karanta ki gani da idonki." Ta haɗo da saƙon Mai Tabarau. Tsawonsa kamar takardar haya. Na sa tsohon tabaraun da hannunsa ɗaya ke ɗaure da zare, na bi shi layi-layi.

"Na gama jiya a wajen aiki, har na bar wani dattijo a kujera yana jira na. Kasuwar inuwa ta fi duk abin da ke cikin na farko. Tsohon mai gadin nan da ke magana da makullansa kamar 'ya'yansa, har yanzu ina jin muryarsa. Wajen da yarinyar ke ajiye kwano biyu kullum ba ta san na wa ne ɗayan ba, na ajiye wayar na fita waje.

"Amma daga babi na sha ɗaya zuwa na sha bakwai labarin ya zauna. Tarihin sarakunan garin bai kai mu ko'ina ba. Kin shigo da mutum tara sababbi, biyu kawai nake iya tunawa. Fitilar a na farko abu ɗaya take yi, tana hana mantuwa. A nan tana buɗe bango, tana warkar da ciwo, har tashi sama ta yi. In fitila na iya komai, me zai sa in ji wa yarinyar tsoro?

"Sai ƙarshen. Bokan da kika ce shi ya kulle ƙofar, ba mu taɓa jin ɗuriyarsa ba sai babi na ashirin da tara. Ba shi ba ne. Ke ma kin san ba shi ba ne. Ki yi haƙuri, wannan ƙarshen ƙarya ne."

A ƙasa akwai amsarta, kalma biyu: "Na gode." Daga nan ta toshe lambarsa.

Na cire tabarau na shafa ido. Wallahi 'yan uwa abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu inda zan ce ya yi ƙarya.

Ni ina da ma'aunina, ba na makaranta ba ne. In ina ɗinki labari ya kama ni, ƙafata tsayawa take yi a kan keken ɗinki, ban ma sani ba, sai in ga na yi minti biyar allura a tsaye cikin yadi. A littafi na farko har kwastoma na ɓata wa rai, rigar kwana biyu ta kai kwana biyar. A na biyun, farkonsa ya tsayar da ni sosai. Amma daga na sha ɗaya zuwa na sha bakwai, rigunan makaranta ashirin da huɗu na ɗinka, da wandunansu, ƙafata ba ta huta ba. Sarki kaza ya haifi sarki kaza, ni kuwa ina ta kafa aljihu.

Bayan azahar ina yanka wani yadi mai fure sai na ji sallama. Mai Tabarau ne. Farar riga mai gajeren hannu, da katin wajen aiki rataye a wuya, da 'yar jakar takarda a hannu. Ya durƙusa a bakin ƙofa, tsakanin guntayen yadi.

"Umma, ina wuni. Tabaraunki ne ya fito, na ce bari in kawo."

"Da ma ku kuke kai wa mutane har shago?"

"Wasu mutanen."

"Tashi ka zauna, kar allura ta shige maka gwiwa in shiga uku."

Ya zauna a bencin kwastomomi. Ya ciro tabaraun, ya goge da ɗan ƙyallensa, ya sa min da kansa, ya ɗan lanƙwasa wajen kunne. Sai ga shagon ya fito tar. Har ƙurar da ke kan fanka na gani, raina ya ɓaci.

"Ya yi?"

"Ya yi yawa ma. Ashe haka ka rame."

Ya yi 'yar dariya, ba ta kai ciki ba.

"Kai yanzu," na ce, "in mutum ya zo shagonku, haka kuke ce masa, idonka ya lalace, tashi ka tafi?"

"A'a Umma. Sai mu sa masa gilashi, mu ce wannan ya fi ko wannan."

"To ita me ya hana ka yi mata wannan ya fi ko wannan? Sai ka zuba mata takarda guda kamar sammaci?"

Ya sunkuyar da kai. "Ita ta ce in gaya mata gaskiya. Ta ce kowa yabo yake yi, ta gaji."

"Kowa haka yake cewa. Ni nan mace za ta ce in gaya mata gaskiya rigar ta yi mata? In na ce ta matse ta, ba ta dawowa."

"To me kike ce musu?"

"In ce yadin ne ya shige. In buɗe ta ta gefe."

"Amma kina buɗewa dai."

Na ci gaba da yanka. Yaron nan bai da hayaniya, amma in ya ajiye magana sai ka rasa inda za ka ɗaga ta.

"Na san na yi tsauri," ya ce. "Da zan sake, da baki zan faɗa, ba a waya ba. Amma ba zan iya cewa ƙarshen ya yi ba, Umma. In na fara da wannan, haka zan yi ta yi har mu tsufa."

"To in ba bokan ba ne, wa ya kulle?"

"Ai ke ma kin saurara."

"Kai nake tambaya."

Ya gyara zama, sai ga shi ya manta da baƙin cikinsa, ya fara lissafi da yatsu. "A babi na huɗu an tsinci shuɗin zare a maƙale jikin makullin. A na tara mai gadin ya ce wanda ya karɓi makullin ranar hannunsa na warin rini. Kowa a garin yana tambayar yarinyar me take nema a bayan ƙofa, mutum ɗaya ce ba ta taɓa tambaya ba. Kuma kwano biyun nan, wa ke ɗauke ɗayan kullum ta mayar ba ta ce komai ba? Uwar ce, Umma. Masaƙiyar. Babi ashirin da takwas ta yi tana gina wannan, da kyau kuwa, ban taɓa ganin an jera alamu haka ba. Da ta zo bakin wajen sai ta juya. Abin da ban gane ba shi ne me ya tsorata ta."

Almakashin ya kauce, na ci yadin mutane da kusan yatsa guda.

"Ke ya kika gani?" ya ce.

"Ni tela ce. Tashi ka koma aiki kar a kore ka, ka ƙara min wata."

"Asabar ɗin fa?"

"Ka bar wayarka a kunne."

Da ya tafi na ja ƙofar shagon, na zauna a kan bencin da ya tashi. A nan zan faɗi abin da ya sa na ce laifina ne, Allah ya yafe min.

Tun a babi na huɗu na gane. Da aka ce shuɗin zare, gabana ya faɗi. Duk babin da ya zo ina saurare ne kamar mai jiran a kira sunanta a asibiti. Da na kai na ashirin da tara aka ce wani boka ne, sai na ji wani sanyi ya sauko min har ƙafa, na ce alhamdulillahi a fili, ni kaɗai a shago. Da na ce wa Auta ya yi daɗi, ba littafin nake nufi ba. Tsirar da na yi nake nufi.

Uban su Auta ya bar mu tana shekara uku. Shekara huɗu babu wasiƙa babu saƙo. Wata rana da rana tsaka, a tsohon gidanmu, lokacin keken na falo, na ɗaga labule na hango shi yana tahowa da jaka a kafaɗa. Babban yana makaranta, Auta na barci a ɗaki. Na tashi na murza makulli. Na dawo na hau keke na yi ta takawa, babu ma yadi a ƙarƙashin allurar, don kar yarinyar ta ji ƙwanƙwasawa. Ya buga, ya buga, ya kira sunana. Ya zauna a dandamali har la'asar. Ya tafi. Bayan shekara biyu ƙaninsa ya aiko cewa ya rasu a wani gari. Hotonsa na cire daga bango, sunansa kuma babu mai kama shi a gidana. Ko yayana bai san ya taɓa dawowa ba.

Na yi la'asar a shago, na daɗe a kan sallaya ban roƙi komai ba, don ban san me zan roƙa ba. Sannan na kulle na tafi gida.

Ta riga ni dawowa. Tana kwance a gadonta da rigar aikin, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a ƙasa, fanka na juya takardun da ta manna a bango, inda ta zana taswirar garin nata da jan biro. Wayar na kan cikinta.

"Kin kira Kawu?"

"Kawunki ya riga ya turo min saƙo. Matsa."

Ta matsa, na zauna a bakin gadon. Ta kalli fuskata.

"Sabon tabarau."

"Eh."

"Ya zo ke nan."

"Ya zo. Ya rame."

"Kwana ɗaya ne fa, Umma."

"To a kwana ɗayan ya rame."

Ta juya fuska bango. Na cire mata ɗayan takalmin na ajiye kusa da ɗan uwansa.

"Auta, ranar Lahadi na yi miki ƙarya."

"Na sani."

"Kin san me?"

"In na dawo daga aiki ina tsayawa a bayan shagon, wajen tagar. In na ji muryata na tashi a wayarki, sai in saurari keken. In ya tsaya, babin ya yi. In bai tsaya ba, in dawo in gyara. Tun littafi na farko haka nake yi."

Shekara biyu ashe ƙafata ke yi mata gyaran littafi ban sani ba.

"Na sha ɗaya zuwa na sha bakwai fa? Ai bai tsaya ba."

"Na ji. Taurin kai na yi, ina son sarakunan nan."

"Sarakunan nan sun ɗinka rigunan makaranta ashirin da huɗu."

Ta yi dariya cikin filo, ta hanci, irin wadda ba a shirya ba.

"Fitilar ma," na ce, "ki rage mata aiki. Ko ni da nake tela ba na gyaran takalmi."

"To kin koma bayansa ke nan."

"Ni ba bayan kowa nake ba, bayana ma ciwo yake. Amma yaron nan bai zage ki ba. Ya bar dattijo a kujera saboda littafinki. Ya san babi na huɗu, ya san na tara, da ka. Kawunki ko sunan littafin bai sani ba. Don ya ce sarakuna sun yi yawa za ki kore shi?"

"Ba don sarakuna ba ne."

"Don boka ne?"

Ta tashi zaune, ta jingina da bango, ta rungume gwiwoyinta. Haka take zama tun tana ƙarama in za ta faɗi abin da ta fasa.

"Na ashirin da tara, keken ya tsaya," ta ce. "Na ji kin ce alhamdulillahi."

Fankar na ta juyawa. Wata takarda ta ɓalle daga bango ta faɗo tsakaninmu, babu wanda ya ɗauka.

"Ba barci nake yi ba ranar, Umma. Ina bayan labulen ɗaki. Na ga kin murza makullin. Na ji yana kiran sunanki. Na leƙa ta ƙarƙashin ƙofa na ga takalminsa, baƙi, ɗaya igiyarsa a kwance. Keken bai tsaya ba sai da ya tafi."

Shekara goma sha tara. Na yi mata wanka, na yi mata kitso, na raka ta makaranta, na zauna da ita a asibiti da ta yi zazzaɓi mai zafi, duk tana ɗauke da wannan a cikinta, ni ina ɗauke da nawa, muna cin abinci a kwano ɗaya.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Ke me ya sa?"

Ta goge hanci da bayan hannu.

"Ban yi niyyar rubuta shi ba. Ina cikin rubutu sai na ga zaren ya fito shuɗi. Na yi ta tafiya ina cewa zan san yadda zan yi. Da na zo wajen, na tuna ke za ki ji shi da muryata, a shago, ke kaɗai. Sai na nemo boka." Ta ɗaga wayar. "Mutum dubu nawa ke karantawa, babu wanda ya gano. Shi karatu ɗaya ya yi. Har yana tambayata me ya tsorata ni. Umma, in mutumin nan ya shigo gidan nan, wata nawa zai yi kafin ya tambaye ni ina hoton babana? Ni ba zan iya yi masa ƙarya ba, ba ya ɗauka. Kuma ba zan tona ki ba."

Ashe ba fushi ba ne. Gadina take yi. Yarinyar da na kulle ƙofa don kar ta ji, ita ce yau za ta kori mutumin kirki don kar in ji kunya.

Na gaji, 'yan uwa. Irin gajiyar da ba ta baya ba ce. Na miƙa hannu.

"Ba ni wayar."

"Me za ki yi?"

"Buɗe lambarsa."

"Umma."

"Buɗe, ni ban san inda ake dannawa ba."

Ta buɗe. Saƙonninsa na baya suka fito, na ƙarshen shi ne dogon nan. Na karɓa, na gyara tabarau, na rubuta da yatsa ɗaya, harafi-harafi, tana kallo: "Asabar na nan. Ummanta ce." Na tura. Ko ajiye wayar ban yi ba alamar ta nuna ya gani. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Na kife ta a kan katifa.

"Wannan tsakaninku ne, kya amsa masa da kanki. In kin ga dama ki ja masa rai zuwa gobe, ya koyi magana da baki. Bokan nan kuma ki sallame shi ya koma inda ya fito. Uwar ce ta kulle, ki rubuta uwar ce."

"Mutane za su tsane ta."

"Su tsane ta. Ba su suka zauna shekara huɗu ba."

Ta kalli yatsun ƙafarta.

"Ko na so ba zan iya ba," ta ce a hankali. "Sau shida na fara babin. Na san inda ta tsaya, na san yadda ta riƙe makullin, na san abin da ta sa a jikinta. In na zo wajen da yarinyar za ta ce mata me ya sa, sai in tsaya. Ban san me uwar za ta ce ba."

Ta ɗago ta kalle ni, ido cikin ido, abin da ba ta saba ba.

"Ba don littafin nake tambaya ba, Umma. Ko ba zan rubuta ba."

A waje wata mota na ta hon, maƙwabciya na kiran 'yarta ta kwashe shanya. Ban ɗora komai a wuta ba, ga yadin mutane na ɓata a shago, ga yayana na jiran amsa. Na cire mayafina na ninke shi a kan cinya. Na hau gadon sosai, na jingina da bango kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa, don ba zan iya faɗa ina kallon fuskarta ba.

Na ce, "Ba daga ranar da ya dawo zan fara ba. Sai kin fara jin yadda ya tafi, da abin da ya tafi da shi."

Ta ce, "Ina ji."

Na yi bismillah, na kama sunansa.